Inna Tas da Gansakukar Asibitin Ido

Ba sunanta ke nan ba, amma ko 'ya'yan da ta haifa sai sun ɗan yi tunani kafin su tuno na gaskiyar. Inna Tas kowa ke ce mata, saboda duk abin da ta goge, in ta gama sai ta ja baya taku biyu, ta karkata kai, ta ce, "Tas!" In dai ba ta faɗi haka ba, to ba a gama ba, ko da kana ganin haƙoranka a jikin abin.

Tun tana ƙarama haka take. Ita ce babba cikin su tara, kuma tana da shekara bakwai ta wanke rediyon babanta. Da soso da sabulu. Ta kuma shanya shi a rana. Rediyon bai sake magana ba, amma duk wanda ya gan shi ya yarda bai taɓa yin kyau irin na ranar ba.

Mijin ma a kan datti suka haɗu. Direban bas ne. Ta shiga motarsa za ta wurin aiki, ta ga gilashin gaba ya yi dukun-dukun, ta tsallake fasinja biyu, ta zaro tsumma daga jaka ta hau gogewa mota na gudu.

Ya ce, "Baiwar Allah, za ki kashe mu!"

Ta ce, "Kai dai za ka kashe mu. Me kake gani ta nan?"

Ya duba, ya ga ashe titin ma layi biyu ne. Shekara na zagayowa suka yi aure. 'Ya'ya biyar, duk sun girma sun watse, kuma har yau in za su zo gaishe ta tun daga bakin titi suke cire takalmi.

Shekararta goma sha tara tana shara da goge-goge a wani ƙaramin asibitin ido, hawa na biyu, saman shagon masu sayar da katifa. Ɗakin jira ɗaya ne, kujera goma sha huɗu, taga babba mai kallon gabas, da allon haruffan nan masu farawa da ƙato su ƙare da ƙwayar yashi. Likita uku ta ga zuwansu ta ga tafiyarsu. Ta huɗun mace ce, sa'ar 'yarta ta biyu, mai son ƙawa. Ita ta kawo tankin kifi.

Ba fa kifin kogi ba. Kifin teku, na ruwan gishiri, cikin akwatin gilashi mai tsawon benci, da duwatsu masu huji-huji, da farin yashi, da fitila mai shuɗin haske a sama. A kabad ɗin ƙasa kuma akwai wani ƙaramin tanki a ɓoye, inda ruwan ke sauka ya tace ya koma. Likita ta ce masu jira za su riƙa kallo hankalinsu ya kwanta. Inna ta ce a ranta, an dai ƙaro min gilashi huɗu.

Sai ta gan shi.

Sauran kifayen 'yan gayu ne, wannan rawaya, wancan ruwan lemo, suna ta kai-komo kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Shi kuwa toka-toka ne, ga ƙaton kai, ga leɓe a sake, ga wasu tsirin gashi biyu a saman ido kamar gira. Iyon ma bai dame shi ba. Zama yake a kan dutse, ya tokare ƙirji, yana bin mutane da ido kamar wanda aka yi wa alkawarin abinci tun safe aka manta.

Inna ta ajiye bokiti. Ta matso. Ta ce, "Kai! Direba, me ya kawo ka nan?"

Wallahi mijinta ne sak. Tun da ya ajiye tuƙi haka yake zama a kujerar roba a bakin ƙofa, da wannan leɓen, da wannan girar.

Daga ranar ta zama mai Direba biyu, na gida da na ruwa. Kuma na ruwan ya fi iya sauraro. Na gida in ta ɗauko labari, kafin ta kai tsakiya ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya ƙara murya a rediyo. Na ruwa kuwa sai ta kai ƙarshe, ta dawo farko, ta ƙara abin da ta manta, yana nan yana kallonta baki buɗe. Shekara talatin da shida da aure, sai yanzu ta samu wanda ya san ƙarshen labaranta.

Mutumin da ya kafa tankin, Mai Kifi, ya ce zai riƙa zuwa duk sati biyu yana dubawa. Inna na jin haka ta tare Likita a ƙofa.

"Likita, ina raye, ina nan, a ɗauko ƙato daga waje ya goge gilashi? Ki faɗa min laifin da na yi."

Likita ta yi dariya ta ce shi ke nan, Inna. Aka ce wa Mai Kifi za a neme shi in da buƙata. Kafin ya tafi ya bar gwangwanin abinci ya ce a riƙa ba su kaɗan.

To, ita Inna a gidan mutum goma sha ɗaya ta tashi. Kaɗan a wurinta shi ne abin da in an ci za a rage. Cokali biyu da safe, ɗaya da rana, ɗaya kafin ta tafi. Sannan wani rabin na musamman da take zubawa daidai kan dutsen Direba, don kar ya wahala.

Sati na biyar ta ga wani ɗigo kore a jikin gilashi. Ta goge. Washegari ya dawo da 'yan'uwansa. Ta goge. Kwana uku sai ga duwatsu sun fara fitar da gashi, kore shar, yana rangaji a ruwa. Gansakuka. A wurin da take aiki. Ita.

Ba ta gaya wa kowa ba, ta shiga yaƙi. Abin da ta sani tun tana yarinya shi ne babu ƙazantar da ke jure rana, don haka tana zuwa da safe sai ta yaye labulen tagar gabas ta ɗaure shi can gefe, rana ta daki tankin har azahar. Fitilar sama kuma ta lura tana mutuwa da kanta da yamma. Ta bi waya, ta tarar an haɗa ta da wani ɗan agogo, ta ce wannan shi ne munafukin, ta cire shi ta jona fitilar kai tsaye. Ruwa in ya ragu ta cika da na famfo.

Sannan ga dodon koɗi. Guda goma sha biyu, manne da gilashi, suna ja da ciki. Inna ta dube su ta gane komai. Duk inda kore ya fi yawa, nan za ka same su. Ai ba sai an kira shaida ba. Ta naɗe hannun riga ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Kisa dai ba ta iyawa, don haka ta buɗe kabad ta jefa su ƙaramin tankin ƙasa ta rufe. "Ku je can ku yi ƙazantarku a duhu." Ba ta ƙara leƙa su ba.

Wata uku, tankin ya zama kamar an tsoma ciyawa a kwalba. Ta goge da safe, kafin la'asar ya rufe. Kifayen sai dai ka ga inuwarsu. Direba ya yi tumbi, in zai sauka daga dutse sai ya yi shawara.

Abin ya fashe ne ranar da aka cire wa wani tsohon tela bandeji. An yi masa aikin yanar ido, shekara shida ba ya ganin ramin allura. Likita ta buɗe idon a ciki, ya ga yatsunta, ya ƙirga daidai, har da hawaye. 'Yarsa ta riƙo hannunsa suka fito ɗakin jira. Abu na farko da idon ya sauka a kai, tankin nan, rana ta hasko ta bayansa.

Tsoho ya tsaya cak. Ya rufe ido ya buɗe.

"Likita! Aiki ya ɓaci! Kore nake gani!"

Wata mata mai jiran layi ta cire tabarau ta mayar. "Wayyo, ni ma kore nake gani!"

"Ni tun ɗazu nake gani, tsoro ya hana ni faɗa," in ji wani.

Wani bawan Allah da ya zo a ɗaure masa ƙafar tabarau kawai, lafiyarsa ƙalau, ya miƙe ya ce a sa sunansa a aikin gaggawa. 'Yar tela na cewa, "Baba, ai koren ne da gaske," shi kuma yana cewa, "Ke ma ya kama ki? Na gado ne!"

Sai da Likita ta fito da farar takarda ta bi su ɗaya-ɗaya tana tambaya wane launi ne, kafin ɗakin ya lafa.

Da aka watse ta kira Inna. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Inna, asibitin ido ne nan. Ba zan ajiye abin da ke sa mutane zargin idonsu ba. Na kira Mai Kifi. Wata guda. In ruwan bai washe ba, tankin zai fita, ya kwashe kifinsa."

"Har da Direba?"

"Wane direba kuma?"

Inna ta nuna wata inuwa mai tumbi.

"Har da shi."

Mai Kifi ya zo washegari, gajere, mai furfura, hannun rigarsa a jiƙe kamar da haka aka ɗinka ta. Ya daɗe yana kallon tankin kamar mai ta'aziyya. Ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza, ruwan ya rine, ya ce, "Hmm."

"Inna, wa ke buɗe labulen nan?"

"Ni. Tun bakwai."

"Fitila fa, awa nawa take yi?"

"Ba ta hutawa. Na gyara ta."

"Abinci?"

Ta nuna masa cokalin. Ya dubi cokalin, ya dube ta, ya nemi kujera ya zauna.

"Inna, da a ce gansakuka ce ta ɗauke ki aiki, da yanzu ta ƙara miki matsayi. Tsiro ce fa. Haske take so, kin ba ta. Taki take so, ragowar abinci da kashin kifi, kin ba ta. Ruwan famfo ma akwai abin da take ci a ciki. Ke kika yi renon ta."

"Ni? Ni da nake goge ta sau uku a rana?"

"Aski kike mata. Ina dodon koɗina?"

"Na kore su. Su suka kawo ta."

"Suka kawo ta?"

"Duk inda take suna nan."

"Ke ma ai duk inda datti yake kina nan, Inna."

Ta nuna masa inda ta jefa su. Ya durƙusa ya buɗe kabad, ya haska da fitilar waya. Inna ta sunkuya don ta nuna masa irin ɓarnar da suka yi a can.

Gilashin tankin ƙasa na walƙiya. Ko ɗigo babu. Har kusurwoyi, har bayan tiyo, wurin da ko buroshi ba ya shiga. Dodon koɗi goma sha biyu na manne a gefe, sun gama aiki suna jiran wani.

Inna ta daɗe a sunkuye. Ta sa yatsa ta murza gilashin, ya yi ƙara ƙiiƙ. Ta san wannan ƙarar. Shekara goma sha tara ita kaɗai ke fitar da ita a ginin nan.

"Ba tsumma?" ta ce a hankali.

"Da baki. Abincinsu ne. Shi ma wancan mai girar," ya nuna Direba, "aikinsa ke nan a duniya, cin gansakuka. Don haka na sa shi. Ke kika yi masa ritaya."

Dokokin da ya kafa ba su da wuya, in ba Inna ba ce. Labule a rufe. Agogo ya koma jikin fitila, awa shida. Abinci sau ɗaya, abin da yatsa biyu suka ɗauka, in ya wuce minti biyu ba su cinye ba ya yi yawa. Ruwan ciko tatacce, daga jarkar da zai kawo. Duk sati zai zo ya zuƙe kashi ɗaya cikin biyar na ruwan ya zuba sabo mai gishiri. Dogayen gashin kan dutse ta naɗe su da buroshin haƙori ta fitar, gilashin gaba ta goge sau ɗaya a kwana biyu. Na baya da na gefe na ma'aikata ne, kar ta taɓa. Sannan kwana ukun farko a lulluɓe tankin da bargo, duhu ɗum.

"Sauran lokacin fa me zan yi?"

"Ba komai."

"Ban gane ba."

"Ki bar shi."

"Yaya ake yi?"

Kwana ukun nan ta cikin bargo take yi wa Direba magana, kamar mai gaida marar lafiya ta taga. Da aka yaye, koren ya ɗan kode, amma kallon da Direba ya yi mata da ta yafa ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauko, sai da ta juya baya. Sau biyu ta tsinci kanta da cokali a hannu. Na biyun ta kai shi ofishin Likita ta ce a kulle a durowa.

Ƙarfin da ta hana tankin kuwa, gida ya sha shi. Ta wanke silin. Ta wanke ƙasan gado, da ƙasan abin da ke ƙasan gado. Ta wanke makullai. Ranar kwana na tara ta wanke kujerar roba Direba na gida yana kai.

Washegari ya sa takalmi, abin da ya daɗe bai yi ba, ya hau bene har asibiti.

"Ina likitar? A taimaka a mayar wa matata aikinta. Jiya ta shanya min rediyo, na san tarihin gidansu."

Inna ta ce, "Zauna, tana ganin mutum."

Ya zauna a kujerar da ke fuskantar tankin. Ya tokare hannu a gwiwa, leɓe ya sauka. Daga cikin ruwa, a kan dutse, wani ya tokare ƙirji, leɓe ya sauka. Suka kalli juna.

Matar da ke kusa ta duba nan, ta duba can, ta toshe baki da mayafi.

"Wannan ne kike cewa ni?"

"Shi ne."

"Bai yi kama da ni ba ko kaɗan."

Ya ɗaga gira. Na ruwan ma girarsa ta motsa. Matar nan ta tashi ta fita baranda, ana jin dariyarta har shagon katifa.

To, ko kunya ce ta kama kifin da ya ga kansa daga waje, ko yunwar kwana goma ce, Allah masani. Sai kawai ya zame daga dutsen, ya nufi gilashin gefe, ya buɗe baki ya kafta. Ya ja baya. Wurin ya fita fes, da shatin leɓe biyu. Ya sake kaftawa. Ya sake.

Inna ta dafe ƙirji. "Ya kama aiki! Direba ya kama aiki!"

Sannan a hankali ta juyo ta dubi na gida.

"Kar ki kalle ni," in ji shi. Ya tafi bai ga Likita ba.

Aikin ma'aikatan nan dai, gaskiya, ba tsari. Dodon koɗi ya bi layi a karkace ya bar tsibiri a tsakiya. Direba ya kafta nan ya tsallake can, gilashi duk shatin baki kamar an yi ta sumbatarsa. Inna ta riƙa tsayawa a kansu hannu a baya, ɗaya riƙe da ɗaya don kar ya kuɓuce. "Kai, ka bar wuri. Koma. Ba nan ba, hagu. Wa ya koya muku aiki?" Amma ba ta taɓa ba. Sati na uku yashi ya dawo fari. Aka gano ashe kifin rawaya biyu ne, ba ɗaya ba.

Ranar da wata ya cika ta zo daidai da ranar cire wa tsohon tela bandejin ido na biyu. Ya fito a tsorace, 'yarsa na riƙe da shi, ya ƙi kallon wajen tankin sai da ta juya masa kai. Ya duba. Ya matsa. Ya ce, "Ikon Allah, ashe kifi ne a ciki. Wancan rawayan ɗinkinsa ya yi kyau."

Likita ta zagaya tankin da 'yar fitilar duba ido. Gaba garau. Duwatsu sun fito da hujinsu. Ta leƙa baya, ta tsaya. Can ƙasa a kusurwar hagu akwai wani faci kore, faɗin tafin hannu.

"Inna, wannan fa?"

Tsumma na kafaɗar Inna. Sanda mai soso na jingine a gefe. Shara ɗaya, an wuce wurin. Ta kai hannu kan tsumman, ta janye.

"Wannan a bar shi."

"Inna? Ke ce?"

"Abincin ma'aikata ne. In na goge me za su ci gobe? Sai su zauna, in ji tausayi, in ɗauko cokali, mu koma gidan jiya. A bar musu."

Likita ta dubi Mai Kifi. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi ba abin da zai ƙara.

"To, tanki ya zauna," in ji Likita. "Har da Direba."

Kowa ya jira. Inna ta ja baya taku biyu. Ta karkata kai. Idonta na kan facin nan. Baki ya buɗe, kalmar ta taho har maƙogwaro ta ga kore ta koma.

"Ba laifi," ta ce.

Da yamma ta koma gida ta tarar da na gida a kujerarsa, yana jiran a miƙo. Ba ta shiga kicin ba. Ta ɗora masa tsumma a hannun kujera, ta nuna tagar falo, ta jawo tata kujerar ta zauna.

"Abinci fa?"

"In taga ta fita."

"Wa ya koya miki wannan muguntar?"

"Mai Kifi."

Ya yi minti arba'in yana kallonta da leɓe a sake. Ba ta motsa ba. Can cikinsa ya yi ƙugi, ya miƙe yana gunaguni, ya dangwala tsumma a tsakiyar gilashi, ya tsallake ya dangwala can, ya bar tsibiri uku da kusurwa huɗu.

Inna ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinya ta zauna a kansu.

"Hagu," ta ce. "Ka bar wuri a hagu."